Baozi ta ci kifi, tukunyarki lafiya lau

Mama,

Kina haikali kina dafa wa masu ibada abinci, ni kuma jirgin ƙasa ba zai jira ni ba, shi ya sa na bar miki wannan takarda.

Albishirinki: kyanwarmu Baozi da ta daina cin abinci, yau ta ci! Da safe na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya tambayi abin da muke ba ta, na ce kifin awarar nan naki, wanda ko baƙi ba sa gane ba na gaske ba ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baƙi kam sa ruɗu, amma kyanwa? Ku kuka yi alkawarin barin nama, ita ba ta yi ba."

Kada hankalinki ya tashi. Kifin gaske na ba ta, amma bai shiga kicin ba, bai taɓa cokalinki ba. A baranda na ba ta, a sabon kwano ja. Ta lashe tas, yanzu tana ta minshari a kan matashin ibadarki.

Don Allah a famfon baranda za a riƙa wanke jan kwanon.

Af, ban fa sayi kifi ba. Garin neman tsumma na ga gwangwanin kifi uku a ɓoye bayan tukwanen furanninki. Ashe tuntuni kin saya, hannunki ne ya kasa buɗewa saboda alkawarin nan. To, na buɗe miki. Sauran biyun ki bar min sai na dawo, aikina ne daga yau.

'Yarki,
Hui-chun