Na'urar da na haɗa za ta raba kawunnaina

Malam Abdulhakim, don girman Allah ka taimake ni kafin kaina ya fashe. Amma kada ka ce mini in kashe in kunna. Wanda duk ya sake faɗa mini haka, ban san abin da zan yi mishi ba.

Ni ɗan Gaya ne. Lakwal, wato makarantar boko, tun ina ƙaramin kwaleji anka sallame ni, wai bakina ya fi ni girma. Abin da na sani na ordinater, wato kwamfuta, ni na koya wa kaina a waya, da Faransancin da na tsinta da kuma taurin kai. Ba ni da takardar kowa, ban kuma roƙi kowa ya ba ni ba.

Ina da kawunnai biyu, ƙannen innata, uwa ɗaya uba ɗaya. Kawu Gado ne babba, bironsa, wato ofishinsa, na nan tashar Gaya. Kawu Mumuni na tsallaken kogi, Malanbil. Manyan motocin ɗaukar kaya gare su, na haɗin gwiwa, tun na mahaifinsu. Da can komai da waya ake yi: wace mota ce zaune, wa za a ba, wa ya riga wa. Rabin yini a ihu. Ni na ce zan raba su da wannan wahala. Na sa ordinater ɗaya nan, ɗaya can, na saka musu logisiyel na kyauta, irin wanda ke sa na'urori da dama su riƙe bayani guda, kowace na kwafe wa ƴar'uwarta. Shirin da ke bisa kai da hannuna na rubuta shi. Ka duba ekiran, wato fuskar na'urar, ka ga motar da ba ta da kaya, ka danna, ta zama taka, na wancan gefen ya gani nan take. Da farko har mutane Kawu Gado ke kira su zo su gani, yana cewa ɗan yayata ne ya haɗa.

To ka san rezo, wato sabis ɗin waya, na bakin iyaka. Modem ɗin Malanbil yanzu yana kan na Benin, an jima ya yi tsalle ya kama na Nijar, wani lokaci ya tsaya tsakiya kamar jirgin da injinsa ya mutu. Da hanya ta yanke, kowace ordinater sai ta rubuta cewa ɗayar ta mutu, ta ci gaba da aikinta hankali kwance. In rezo ya dawo sunka haɗu, sai ɗaya ta goge abin da ɗayar ta rubuta. Ba sallama, ba neman izini.

Haka anka yi da motar da Cha'ibu ke tuƙawa. Kawu Mumuni ya gan ta zaune a ekiran ɗinsa, ya danna, ya yi wa Hajiya Madina alkawarinta. Hajiyar nan tun kafin a haife ni take ba su kaya. Ta ƙetaro da abarba da ayaba, anka jibge mata bakin kogi tana jiran mota. Ashe Kawu Gado shi ma ya gan ta zaune a nashi, ya danna, ya tura Cha'ibu Bengu ɗaukar dankali zuwa Yamai. Kafin a samo wata motar rana ta gama da kayan. Ni na je na gani, ƙuda ko'ina, ayaba ta yi baƙi, Hajiya zaune bisa buhu tana kallon kayanta. Da ma zagina ta yi.

Da rezo ya dawo, sunan Hajiya ya ɓace daga ekiran ɗin Kawu Mumuni, na mai dankali ya hau gurbinsa. Shi kenan, ya ce yayansa ne ya goge da gangan don ya kunyata shi. Kawu Gado ya ce shi bai taɓa ganin sunan Hajiya ba, ƙanensa ne ke alkawari da baki sannan ya laƙa wa na'ura. Kowa na da gaskiyarsa a gaban idonsa. Yanzu ko gaisawa ba su yi.

Kada ka ɗauka zaune nike. Na canza modem, na canza waya, na daidaita agogon na'urorin biyu, na goge logisiyel na sake sakawa. Na rubuta wani ɗan shiri da zai riƙa sasanta su in sun saɓa, shi kuma ya mayar da mota guda ta zama biyu. Na yi tambaya a dandalin masu logisiyel ɗin, wani da bai taɓa ganin an ɗauke kuran, wato lantarki, ba ya ce in je in karanta littafin bayani. Na karanta shi har na kusa hardacewa! Wani ɗan unguwarmu da ya yi karatu a Yamai ya leƙa, ya ce aikin ɗan tasha ne. Shi da ko kebul bai iya matsewa ba.

Abu ɗaya da ban faɗa ba, don ba na jin shi ne. Littafin ya ce na'ura ɗaya ce za ta zama jagora mai rubutawa, ɗayar ta bi. Na sa ta Gaya jagora. Ranar farko Kawu Mumuni ya danna, ekiran ya ce ya jira amincewar Gaya. Ya kira ni ya ce shi ba yaron shagon kowa ba ne, kuma shi ya sayo na'urorin daga Kwatano, wace ce babba a ciki? Na ce taka, Kawu. Kawu Gado ma ya tambaya. Malam, da wane baki zan ce wa mai furfura ta ƙanensa ce bisa tashi? Na ce taka, Kawu. Sai na buɗe fayil ɗin saiti na ba su biyun ikon rubutawa. Layi ɗaya ne tak, kuma abin ya yi ta aiki lafiya bayan nan.

Inna ta kira su gidanta ranar Juma'a bayan masallaci. Kawu Mumuni ya ce raba motocin zai zo yi, kowa ya kama gabansa. Abin da kakana ya bari zai watse a kan abin da na haɗa. Ka faɗa mini inda ƙwaron da ke ɓata na'urar nan yake in kashe shi kafin ranar, ba tare da kowa ya ji komai ba.

Mai Baki, daga Gaya

*

Mai Baki, sannu da ƙoƙari. Ba zan ce ka kashe ka kunna ba. Wanda ya haɗa biro biyu a ƙasa biyu da abin da ya koya a waya ba ɗan koyo ba ne, kuma mai cewa aikin ɗan tasha ne ka bar shi da bakinsa.

Sai dai babu ƙwaro. Layin nan da ka ce ba ka jin shi ne, shi ne. Idan hanya ta yanke tsakanin na'ura biyu, babu yadda ɗaya za ta bambance ko ƴar'uwarta ta mutu ko rezo ne kawai ya tafi. Ka ba kowace ikon yanke hukunci ita kaɗai, don haka kowace ta yanke. Da suka haɗu, logisiyel ya yi abin da aka gina shi ya yi: ya riƙe rubutun ƙarshe ya zubar da na farko. Ya yi ta aiki lafiya a baya ne don ba a taɓa danna mota ɗaya a gefe biyu rezo na yanke ba, sai ranar Hajiya. Ko modem ɗari ka saya, ranar za ta sake zuwa.

Yau ɗin nan ka kashe ɗan shirin sasantawar nan, ka kwafe abin da ke cikin kowace na'ura daban ka adana, har da tarihin da logisiyel ke rubutawa na duk abin da ya faru. Kada ka sake goge komai. Ka roƙi kawunnanka su koma waya na ƴan kwanaki. Modem kuma ka ɗaure shi a kan rezo ɗaya, zai rage yankewa, amma ba shi ne magani ba.

Magani shi ne a kowane lokaci na'ura ɗaya ce ke da ikon ba da mota. Ko ka mayar da jagora guda kamar yadda littafin ya ce, ko ka ƙara ta uku, ƙarama ma ta isa, a inda rezo da kuran suka fi zama. In hanya ta yanke, wadda ke ganin ta ukun ta ci gaba, ɗayar ta tsaya ta ce a jira ko a buga waya. Ni ta biyun nake ba ka shawara, don a nan babu babba babu ƙarama, rinjaye ne. Amma ka lura, ko ta wace hanya, wata rana ekiran zai ce wa ɗaya daga cikinsu ya jira. Dole su san haka tun yanzu, su yarda.

Nan ne ba zan iya ba ka abin da ka roƙa ba. Na fahimci kunyar da ta sa ka ce wa kowa taka, Kawu. Tarbiyya ce, ba mugunta ba. Amma ka dubi nasu gefen. Kowannensu ya yarda da ekiran ɗinsa saboda ya yarda da kai, kuma yau kowa na ɗaukar ɗan'uwansa maƙaryaci. Ko ka gyara na'ura a ɓoye ta koma sumul, Kawu Mumuni zai je gidan Inna yana nan a kan cewa yayansa ya goge sunan Hajiya. Mutum ɗaya ne a duniya ya san ba haka aka yi ba.

Kada ka jira Juma'a. Ka fara zuwa wajen Inna ka faɗa mata komai, ita ta san yadda ake zaunar da ƙannenta. Sannan ka nuna musu tarihin nan, su ga da idonsu cewa babu hannun da ya goge komai, ka faɗi abin da ka ce wa kowannensu da dalilin da ya sa. Ka bar zafin bakin a ƙofar gida. Za su yi faɗa, wataƙila su ce ka kwashe na'urorinka. Ka shanye. Faɗan kawu da ɗan yayarsa kwana biyu ne, rabuwar wa da ƙane kuwa har jikoki take kaiwa. Bayan nan ka bi su zuwa gidan Hajiya Madina a ba ta haƙuri, kai ma da bakinka.

An sallame ka daga lakwal saboda baki. Wannan karon shi ne kayan aikin da ya rage maka. Allah ya ba ka sa'a, ya huci zukatansu, ya bar motocin nan a tasha ɗaya.

Abdulhakim