Mita Tamanin Daga Ƙofar Kaka

Punta Balandra, Talata

Wilkin jikana, kafin gaisuwa ga kacici-kacici, tunda kai ne mai ilimin gidan. Wace ce take tasowa daga ƙasar ƙanƙara, ta yi tafiyar wata guda ba guzuri, ta iso nan ba ta nemi ko loma ba, don kawai ɗanta ya buɗe ido a inda aka haife ta?

To, yanzu gaisuwa. Ina lafiya, gwiwa ce kawai take min tsiya da safe. Ina fata kana lafiya a can Boston. Au, na manta, ba ka Boston. Maƙwabcina Nicanor, mai tuƙa jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, ya ce jiya ya ɗauki wani mai jar hula da baƙin tabarau, tare da Baturiyar matarsa da iyayenta, yana yi masa Turanci ta hanci. Ya ce min, "Doña Eufemia, na rantse kunnuwan nan na gidanku ne." Ashe kwana uku kana otal a Samaná, tafiyar minti ashirin a babur daga ƙofata, ni kuwa ina nan ina roƙon Allah kada sanyi ya kama ka.

Wai kallon balena kuka zo. Ikon Allah! Ƙaton kifin nan mai doro da kakanka yake zagi don yana yaga masa raga, shi ne yanzu ake hawa jirgin sama a zo gani. A ɗaure mutum cikin rigar ruwa ya koma kamar gwanda, a jijjiga shi awa uku, ya amayar da karin kumallon otal, a nuna masa wutsiya daga nesa, ya hau tafi.

Ba ganinka nake nema ba, na ga fuskarka har ta ishe ni. Jaririyar nake so. Wata bakwai da haihuwar Noemi, hoto ɗaya tak na samu, shi ma an lulluɓe ta sai hanci. Nicanor ya ce Lahadi za ku tashi. Ka kawo min ita kafin nan. Shekarata saba'in da tara, ban san ko baɗi da ni za a yi ba.

Ka ba Nicanor amsa a bakin jirgi. Allah ya yi maka albarka duk da haka.

Kakarka,
Eufemia

*

Samaná, Laraba

Zuwa ga Kaka mai daraja,

Bayan gaisuwa mai yawa da neman albarkarki, ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Kaka, don Allah ki fahimce ni. Wannan tafiya ba tawa ba ce, surukina Mista Halvorsen ne ya shirya ta, kuma kowace rana da abin da aka tsara mata. Tun yana yaro yake burin ganin balena ta yi tsalle, ga shi mun fita sau biyu ba mu ga komai ba sai feshin ruwa.

Abin ba wasa ba ne kamar yadda kike ɗauka, akwai doka. Jirgi uku kaɗai ake bari su matsa kusa a lokaci ɗaya, sauran su jira layi. Kowane jirgi rabin awa yake samu. Idan uwa ce da ɗanta, dole a tsaya mita tamanin daga gare su, sai dai in ita ta ga dama ta matso. Jiya layi ya zo kanmu ke nan sai ta nutse.

Ga hanyarku ba kyau, ga sauro, Noemi kuma ba ta saba da zafi ba. Idan Allah ya kai mu baɗi zan zo musamman. Batun kacici-kacici, Kaka, na girma da wannan.

Naki mai biyayya,
Wilkin

*

Punta Balandra, Alhamis

Ranka ya daɗe Mista Wilkin,

Na gaishe ka, na gaida jar hular. Wasiƙarka ta iso, takardar otal mai kauri, na gode, na kunna wutar murhu da ita.

Hanyarmu ba kyau? Ita ka bi shekara goma sha shida ba takalmi, ba ta cinye maka yatsa ko ɗaya ba. Sauron ma sun tambaye ka, sun ce jininka ya fi na kowa zaƙi.

Ka ce ba ku ga komai ba. Kaico. Yau da safe ina shanya a tsakar gida, wata balena ta yi tsalle sau shida a ƙasan tudun nan, ɗanta yana kwaikwayonta yana faɗuwa ta gefe kamar ɗan maye. Ko ɗaga kai ban yi sosai ba, ina neman maƙalin kaya. Can nesa kuwa na hango jiragenku sun yi cirko-cirko kamar kaji a ruwan sama, duk sun juya mata baya. Ka manta a nan ka koyi ƙirga, kana zaune a kan turmi kana ƙirga feshinsu?

Na faɗa wa Nicanor, in tsohon surukin nan naka ya sake leƙawa gefen jirgi zai yi amai, ya dafa shi ya gaya masa akwai wata tsohuwa da balena suke zuwa gaishe ta har gida.

Na sayi kifi, na kankare kwakwa. In ba wanda ya zo, ni da akuya za mu ci.

Kakarka

*

Samaná, Juma'a

Zuwa ga Doña Eufemia,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ni ce Corinne, matar Wilkin. Ban iya yarenku sosai ba, wata ma'aikaciyar otal ce take rubuta min, tana ta dariya kuma.

Tun kafin mu taso na ce mu fara zuwa wurinki. Wilkin ya ce kina kwance, kin rikice, ba kya gane kowa, ganin baƙi ma tsorata ki yake yi. Na yarda, har na yi kuka. Yau a jirgi da na faɗa wa Kyaftin Nicanor haka, ya yi dariya har ya saki sitiyari. Ya ce ranar Lahadin da ta wuce ke kika gyara wa fasto lambar waƙa a coci.

Na tambayi Wilkin a gaban iyayena. Ya ce gidan katako ne, bayan gida a waje yake, ya ji tsoron abin da za su ce. Mahaifina ya ce shi ma a irin wannan gida ya tashi, sai dai nasu da ƙanƙara a kan hanyar bayan gidan.

Kunya ta ishe ni. In kin yarda, gobe Asabar da ƙarfe goma zan kawo miki Noemi. Mahaifina yana roƙon ya biyo mu, ba zan ɓoye miki ba, rabin zuciyarsa na wurin balena. Wilkin bai ci abincin rana ba.

Taki,
Corinne

*

Punta Balandra, Juma'a da yamma

Wilkin,

Gaisuwa, in dai kai ne, don an ce ba na gane mutane.

Ka gaya wa matarka ƙofa a buɗe take. Amma abin ba wasa ba ne, akwai doka, kai ka koya min. Mutum uku kaɗai za su hau tudu a lokaci ɗaya: Corinne, da uwarta, da tsohon mai amai. Noemi ba a ƙirga ta, ita mai gida ce. Sauran su jira layi. Sauran kai ne.

Nicanor ya auna min da igiyar jirginsa. Daga ƙofata zuwa gindin mangwaron da ke ƙasa mita tamanin ne cif. Nan za ka tsaya. Ba kira, ba ɗaga hannu, ba ɗaukar hoto. Teku ba a ganinsa daga wurin, amma za ka ga bayan gidan da kyau, tunda shi ne ya fi tsaya maka a rai. In na ga dama na matso, to. In na nutse, sai baɗi.

Ka zo da hular, rana tana da zafi a wurin.

Tsohuwar da ta rikice

*

Punta Balandra, Lahadi da safe

Wilkin ɗan Marisela,

Na gaishe ka. Nicanor zai miƙa maka wannan kafin motarku ta tashi, tare da burodin kwakwa biyu. Ɗaya na Corinne ne, ɗaya na Corinne ne.

Tunda daga gindin mangwaro ba a jin komai, bari in ba ka labari. Surukinka ya ci kifi faranti biyu, ya shiga bayan gidan ya fito da ransa. Balena ta yi tsalle yana tsaka da suɗe yatsa, ya miƙe ya buɗe baki, ya manta da na'urar hoton da ya rataya, sai hawaye. Na ce wa Nicanor, "Gaya masa ya zauna, za ta sake, ba ta da wani aiki."

Ni ban kalla ba. Noemi tana cinyata. Ta kama min kunne ta ja, na duba nata, na ce shi ke nan, ita ma an cuce ta. Goshin kuwa na 'yata Marisela ne sak, har na kira ta da sunan ban sani ba. Corinne ta yi kamar ba ta ji ba. Yarinyar nan tana da hankali, ban san inda ta yi tuntuɓe da kai ba.

Na leƙa ta taga sau uku. Na ɗauka da rabin awa ta cika za ka koma mota ka kunna sanyi. Awa biyu ka yi a tsaye, tururuwa suna hawan ka, ka cire tabarau, ka cire hula. Shi ya sa na sauko. Kada ka ɗauka gwiwar nan ta yafe maka tudun. Abin da ka faɗa min a kunne na ji, ba zan rubuta ba, kada Nicanor ya karanta, na san yana karantawa.

Allah ya kai ku lafiya. Ka rufe wa Noemi ƙirji a can.

Kacici-kacicin kuwa, tunda ka girma, ga amsa. Balena ce. Daga ruwan da ke gaban Boston ɗinku take tasowa kowace shekara, kuma ba wanda ya taɓa rubuta mata wasiƙa kafin ta zo.

Kakarka,
Eufemia