Inda Ruwa Ya Taɓa Kwana

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ake durƙusawa har ƙasa a yi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. Ni ce Hadiza, autarki, daga Greensboro, garin nan da har kika koma ga Allah ba ki iya faɗin sunansa ba, sai dai ki ce "can wajen su Hadiza". Jikarki Nafisa tana lafiya, babanta ma haka. Na rubuto ne in ba ki labarin yadda kika hana mu tashi daga garin nan, alhali kina kwance a ƙauyenmu na Adar.

Kin san surukinki kafinta ne. A bana ya samu aiki a bakin teku, inda ake ta gina gidaje ba dare ba rana. Ya dawo idonsa na ƙyalli. "Hadiza, ruwa ne har iyakar ganinki," in ji shi, "kuma aiki ba ya ƙarewa." Har ya ga wani ɗan gida da tagarsa ke kallon ruwa, yana so mu koma kafin a buɗe lakwal, wato makarantar su Nafisa. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na kwaɗaitu, har na fara ɗaure kaya a kwalaye. Wanda ya tashi yana zura guga a rijiya yana jawo laka, in aka nuna masa ruwan da ba shi da ƙarshe, ai hankalinsa ya tafi. Mu 'yan Adar ba mu taɓa sanin ruwa abin gudu ba ne.

Ke kaɗai kika sani. Kin tuna shekarar da kasuwa ta koma kwari, kowa ya kwashe gidansa ya sauka kusa da ƙorama don ruwa ya zo kusa? Baba ma ya so mu bi su. Ba ki yi musu da shi ba. Kika ƙulle goro a gefen zani, kika kama hannuna, muka je wurin Ayya, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin. Kika gaishe ta har na gaji da zama, sannan kika yi mata tambaya ɗaya: lokacin tana yarinya, ina ruwa ya taɓa kaiwa? Ta nuna gawon da ke bayan sabuwar kasuwa.

Da muka dawo kika ce wa Baba, "Ba a kafa gida sai an gai da tsohon wuri. Shi ya san inda ruwa ya taɓa kwana." Muka zauna a kan tudu. Mata suka sa miki suna Mai Tudu, suna dariya in sun gan ki kina hawa da tulu a ka. Ni ce na fi kowa mita, don ni ke bin ki da ƙaramin tulu. Daminar da ƙorama ta koma har gindin gawo, masu dariyar nan a tsakar gidanmu suka kwana da 'ya'yansu. Na zuba ido in ji kin ce "ai na faɗa". Ba ki ce ba, Inna. Kika sauke ƙaramar tukunya kika ɗora babba.

Shi ya sa na ce wa Baban Nafisa na yarda mu koma, amma sai mun gai da tsohon wuri. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce nan Amurka ce, akwai taswira, akwai masu ilimi. Duk da haka ya kai ni. Inna, da kin ga wurin! Gidaje cunkus a kan yashi, kowanne a bisa dogayen ƙafafu kamar rumbu, mota na bin mota, ko'ina ana buga ƙusa. Na tambayi maƙwabta, na tambayi mai kanti, ban samu ko mutum ɗaya da aka haifa a nan ba. Garin baƙi ne zalla, kowa jiya ya zo.

Sai na tuna da Mista Harold, dattijon manomin da ke gaba da ƙauyen Pleasant Garden, wanda mazanmu ke sayen ragon layya a gonarsa. Ya taɓa faɗa wa surukinki cewa a bakin tekun aka haife shi.

To, bana shekarar zaɓe ce, kuma nan ba a ɓoye ra'ayi, a ƙofar gida ake kafa shi a kan allo. Cikin gari allunan duk na ɓangare ɗaya ne, da ka fita karkara sai su juya. 'Yan birni na cewa mutanen karkara jahilai ne, ba su damu da duniya na ƙara zafi ba. Mutanen karkara na cewa 'yan birni ba su taɓa riƙe fartanya ba amma su ke yi wa gona doka, sannan su je su gina gidan hutu a kan yashi. Hajiya Rabi, Bakanuwar da ke shugabantar matanmu, ta ja ni gefe ta ce, "Ke Hadiza, ba ki ga allon ƙofar gidansa ba? Waɗannan ba sa son mu. Rago dai, a saya a kama hanya." Nafisa ma ta sa baki da Turancinta, wai tsohon bai yarda da kimiyya ba. Na ce mata kakarta ba ta tambayi Ayya wa take goyon baya ba.

Na ƙulle goro na je gonar Mista Harold. Ya karɓa ya gatsa, fuskarsa ta yamutse, amma don kara ya tauna ya haɗiye. Sannan na yi masa tambayarki: lokacin yana yaro, ina ruwa ya taɓa kaiwa? Sai ya ce mu shirya ranar Asabar.

Shi ya tuƙa mu da tsohuwar akori-kurarsa, ni da Nafisa da babanta, har bakin teku. Muka wuce ɗan gidan da muke so, gaba kaɗan ya tsaya, muka taka har bakin ruwa. Ya nuna can ciki, inda igiyar ruwa ke fashewa. Ya ce a nan gidan ubansa yake, ga cocinsu a gefe, ga maƙabarta a baya. Mahaifiyarsa tana nan a ciki. Guguwa bayan guguwa ta cinye wurin. Ya ce shi bai yarda da zancen zafin duniya ba, teku tun asali tana cin ƙasa, sai dai a da akwai tuddan yashi da ciyawa masu tare ta, aka baje su don a yi gini. Nafisa ta ce malamarsu ta ce ruwan kansa ne ke ƙaruwa. Suka yi ta ja-in-ja har muka dawo gida, ba wanda ya sakar wa wani, a hanya kuma ya tsaya ya saya mata askirim. Wataƙila dukansu da gaskiyarsu. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, kowace shekara dattijon nan yana zuwa da furanni, ba shi da inda zai ajiye su, sai ya jefa a ruwa.

Surukinki, mai taswira, "Inna lillahi" kawai yake ta faɗi. Da muka sake wucewa ta gaban ɗan gidan ko waiwaya bai yi ba. Muna shiga ɗaki ya dubi kwalayen ya ce, "Kwance kayan nan." Yanzu yana zuwa can ya yi aikinsa ya dawo mana ƙarshen mako. Ni kuma ina nan ina shiga bas daga tasha zuwa shagon kitso, tagarmu na kallon wurin ajiye motoci, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin kallonsa kamar yanzu ba.

Inna, ranar da aka kai ki makwancinki ba na nan. Ta waya na ji, muryar Yaya na yankewa, kati ya ƙare ban gama kuka ba. Abin nan yana ci mini rai har yau. Amma da na tsaya kusa da tsohon nan yana kallon ruwa, sai na tuna inda aka sa ki: kan tudu, bayan gidan da aka yi miki dariya a kansa. Duk ranar da Allah ya nufe ni da zuwa, ko daga nesa na tsaya, zan san ga inda kike. Ashe tulun da na yi ta mita a kansa, har wannan kwanciyar hankalin kika ɗauko mini da shi.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba da Ayya. Allah ya ba dattijon nan haƙurin rashinsa. Kamar yadda kika buɗe tsakar gidanki ga waɗanda suka yi miki dariya, Allah ya buɗe miki ƙofar Aljanna, ya shayar da ke ruwan da ba sai an hau tudu da shi ba. Amin.

Taki har abada,
Hadiza, 'yar Mai Tudu