Ni Na Fara Kai Albasa Kududdufi

Zuwa ga Babban Duba-gari mai kula da kasuwanninmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Sanusi, manomin albasa daga Lambara. Karatuna aji huɗu ne na firamare, in ka ga rubutu ya karkace, hannun fartanya ne. Na rubuto a fili don maganar ta shafi duk mai cin tsire, kuma sau uku ina wuni a bakin ofishinka masinja yana ce mani ka fita rangadi.

Na farko. Mu tun kakanni ba mu wanke albasa. A tona, a shanya, a kai kasuwa da ƙasarta, mai saye ya ɓare ɓawo biyu ya yar. Farkon ranin nan ma'aikacinka ya shigo kasuwa, ya taɓa kwandona da sanda, ya ce ƙazanta ce, daga yau albasar da ba a wanke ba za a zubar. Ni da aji huɗuna na miƙe na ce gaskiya ne, zamani ya zo. Har ƙanen mahaifina, Baffa Umaru, na yi wa bayanin tsabta a gaban mutane. Ya ce, "To malam, da wane ruwa?" Na ce masa ruwa ai ruwa ne.

Na biyu. Burtsatsen da anka haƙa mana lokacin neman ƙuri'a ya mutu tun bara. An ce kayan gyaransa na waje ne, kuma ana tsuke bakin aljihu. Rijiyar gari ko na sha ba ta isar mu. Sai kududdufin bayan kasuwa, inda shanu ke shiga har gwiwa, mahauta ke wanke hanji, kuma nan gangaren bayan gidan kasuwa yake ƙarewa. Ni na fara kai kwandona can. Albasa ta fito jawur tana sheƙi. Ma'aikacinka ya ɗaga ɗaya sama ya ce a yi koyi da wannan saurayi. Ranar kaina ya fi kwandon girma. Kafin kasuwa biyu kowa ya koma kududdufi, masu tsire da masu kwaɗo kuma sunka rage ɓare ɓawo, tunda hukuma ta ce wankakkiya ce.

Na uku. Sai zawo da zazzaɓi da murɗar ciki sunka shiga gidaje, har Mandera, har Sifawa. Da anka fara zargin albasa, na hau kan kifaffen kwando a tsakiyar kasuwa na cinye uku ɗanyu, ina hawaye ina rantsuwa, na ce in akwai cuta ta fara da ni. Ranka shi daɗe, ta karɓi gayyatar. Kwana biyar na yi tsakanin tabarma da bayan gida. Baffa ya zo dubiya, ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Sannu malam. Ruwa ai ruwa ne, ga shi nan yana ta fita."

Wannan na cancanta. Wadda ba ta cancanta ba Innata ce. Ni na yanka mata albasar a kwaɗon zogale. A amalanke munka kai ta asibiti, sai da anka ƙara mata ruwa. Ta tashi, alhamdulillahi, amma har yau ba ta iya ɗaga taɓarya. Malamin asibiti ya ce ƙwayar cuta ce da ake kira salmonela, daga kashin dabba da na mutum take, ido ba ya ganinta, ruwan nan ne ya shigar da ita ta wuyan albasa. Ya ce a ɓare, a dafa, a wanke wuƙa da hannu da sabulu. Na so in tambaye shi ina sabulun a wannan tsada, sai na tuna bakina ya riga ya yi aikinsa na bana.

Na huɗu, kuma nan kukana yake. Bayan cutar ma'aikacinka ya dawo. Bai leƙa kududdufi ba. Gidanmu ya zo, ya ɗaure rumbun albasata da igiya, ya liƙa takarda, ya ce albasar Sanusi ce cutar. Ta cikin rumbun ba ta taɓa ganin ruwa ba, da ƙasarta take. Ita ce noman ranina kaf, da ita za mu sayi geron damina ni da Inna. Hadari ya fara haɗuwa daga gabas, albasa kuwa da ta ji sanyin ruwa sai tsiro da ruɓa. Dokar wankin kuma tana nan. Ranar kasuwar da ta wuce na iske mutane jere a bakin kududdufi da kwandunansu. Na ce su bari. Sunka ce rabon da su ji maganata sai da sunka yi mako guda suna gudu daji. Ban ga laifinsu ba.

Don haka ina roƙo. A sa mai shela ya zagaya kasuwa ya janye dokar wanki, don bakina ba ya sayuwa yanzu, naku ne ake ji. Ka zo da kanka ka tsaya a bakin kududdufin nan, ko hanci kaɗai ya ishe ka shaida. A kwance igiyar rumbuna kafin ruwan farko. A zaɓi duk wadda anka so a ciki a kai wa malamin asibiti ya duba, ni dai na daina gwaji da cikina. Burtsatse kuma, in da wanda kake iya faɗa wa, ka faɗa masa.

Allah shi ƙara maka lafiya da girma, shi tsare cikinka da na iyalinka daga abin da na gani. Baffa ya ba ni ɗan kwando daga albasarsa, na bar maka wurin masinja. Za ka gan ta da ƙasa. A ɓare ɓawo biyu, a dafa. Na rantse ban wanke ta ba.

Wassalam.

Sanusi manomin albasa,
wanda yanzu ake kira Sanusi Kududdufi,
Lambara.