Na jefa aikinka ƙarshen layi

Baban Husna,

Na wuce Tsafe kai sakamakon jarrabawar ɗalibaina. Karanta wannan kafin ka taɓa kwamfuta.

Aikin da ka bari yana tafiya da safe, wato na jera sunayen manoman Furfuri da Rawayya da za a ba taki, bai ƙare ba. Ni na jawo. Bayan fitarka na ɗora nawa aikin na haɗa maki. Don kada in rage maka gudu, na buɗe ɗan fayil ɗin umarnin da ka nuna mini, mai gaya wa inji aikin da zai fifita. Na tarar da lambar aikinka sifiri ce, na mayar da ita sha tara, a zatona babbar lamba ce a gaba. Ashe ita ce ƙarshen layi. Nawa ya yi ta gudu, naka yana rarrafe.

Na so in gyara, ya ƙi, wai sai da kalmar sirrinka. Ka gyara da kanka, amma kada ka kashe injin, don in ka kashe sai an faro daga farko. Na san da la'asar za a zo daga Bungudu karɓar takardar sunayen, motar taki kuwa ba ta jiran kowa.

Abincinka na cikin kula.

Ka yafe mini. Gara ka ji daga gare ni: tun da wuri na gane kuskuren. Ban tsayar da nawa ba. Zama na yi ina kallo har ya gama.

Uwani