Bangon Shefik Ba Ya Yoyo, Gumi Yake Yi

Zumreta mai ba mu shawara, 'yata, ki taimake ni kafin in koyi iyo da tsufana.

Maigidana Shefik da hannunsa ya gina gidanmu, har da ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda nake ajiye abincin hunturu: dankali, gangar kabeji, kwalaben tattasai. Duk shekara da ƙanƙara ta fara narkewa sai ruwa ya cika ɗakin har ƙauri. Amma kul kika ce yoyo a gabansa. Bangonsa ba ya yoyo, gumi yake yi.

Gumin nan kuwa ya sha magani. Ya cusa safunansa a tsagar bango ya shafe da kwalta. Ya yanka tayar tarakta ya manna. Bara ya huda daɓen don ruwa ya sami hanyar fita, ruwan ya yi godiya ya mai da ita ta shigowa. Yanzu marmaro gare mu a cikin gida, har kwaɗi sun tare da iyalansu.

Ni na san tushen abin. Shi da maƙwabcinmu Ragib gasar share tsakar gida suke yi, tsofai biyu da shebur. Duk ƙanƙarar da ya kwashe, jikin bangon baya yake jibgewa inda Ragib ba zai hango ba. Sau ɗaya na faɗa, ya yi mako yana shan gahawarsa shi kaɗai.

To ga Nermin, mijin 'yarmu, birkila ne a ƙasar Ostiriya, zai zo da Sallah, ya rantse sai ya fasa bangon ya sake. In ya ɗaga guduma, zuciyar tsohon nan ce za ta fashe. In bai ɗaga ba, dankalina ya ruɓe. Wanne zan ceta?

Kaka Mai Takalmin Roba

Kaka, na yi dariya, amma kukanki na ji. Wahalar damina guda ba ta cancanci ruɓewa ba. Shi ma ki duba masa: bangon nan ne abin da ya rage yana nunawa ya ce ni na yi.

Yau ɗin nan ki ɗora dankali da kwalabe a kan katako. A toshe marmaron da siminti. Ki kira Nermin tun bai taso ba, ya bar gudumarsa a Ostiriya. Bango lafiyarsa lau. Abin da ake buƙata lambatu ne a bayan gida, a zuba tsakuwa, ya gangara lambu. Ya je wurin surukinsa kamar mai neman shawara, ya yi ta tambaya har Shefik ya ƙirƙiro lambatun da kansa. Ku yi mamaki sosai.

Batun ƙanƙara kuwa, kada ki sake yi masa faɗa. Hunturu mai zuwa ki tsaya a taga, ki yaba tsayin tsibin da Ragib ya tara a ƙofar gidansa, ki yi shiru. Shefik ba zai ƙara ɓoye nasa ba, a bakin hanya zai tara shi don duk ƙauye su gani.

Allah ya busar muku da ɗaki, ya bar ku kuna shan gahawa tare.

Zumreta