Kwanona a Wurin Ciyayya

Briketeri, Yawunde
9 ga Safar

Zuwa ga Yayata Halimatussa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa, da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Ngaundare. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Zogale da daddawa sun iso, Allah ya saka. Kin tambayi dalilin da na nemi masu yawa haka. Sai da na nemi izinin Baban Najiba kafin in amsa, ya ce in faɗa miki ke kaɗai. An auna shi a asibiti, tansiyon ɗinsa, wato hawan jini, ya kai sha takwas. Likita ta ce magani kaɗai ba zai isa ba, sai an rage gishiri da dunƙule da mai, a cika kwano da ganye. Ya roƙe ni kada maganar ta shiga unguwa, ba ya son a riƙa yi masa sannu a shagon yadinsa.

To, na juya tukunyar gidan gaba ɗaya, don ba zan ware shi kamar mai laifi ba. Kwaɗon zogale, wake da alayyafon da suke kira folon, miyar ɗanyar kuɓewa da kifi. Najiba ta yi kwana uku tana ɓata rai, yanzu ita ke tuna mini in sayo fiya a kasuwar Mokolo.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Indo

14 ga Rabi'ul Awwal

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ya ruwa a wajenku? Ina fatan jikin da sauƙi.

Mun koma asibiti, sha bakwai. Likita ta tambaye ni abin da nake dafawa, na lissafa mata. Ban yi mata ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Kin san ciyayyarsu. Bayan Magariba su biyar ke zama a ƙofar shagon Alhaji Mohaman, kowane gida ya aika kwano, a ci tare. Shekara ashirin ke nan. Can yake cin abincinsa na kirki, kuma tsallake kwanon wani a wurin kamar zagin gidansa ne.

Wannan ba shi ne laifina ba. Laifina, Yaya, duk yamma nakan ɗebi miyar da za ta fita daban, in murza mata dunƙule biyu, in kwarara mai. Kwanon nan shi ne sunan mace a unguwa. Kafin Isha'i kowace ta ji wadda aka suɗe nata da wadda nata ya dawo. Na ji tsoron a ce hannuna ya mutu. Ke nan ko a kwanon gidansa bawan Allah bai tsira ba.

Na yi istigfari, na kuma faɗa masa. Bai yi faɗa ba, ya ce shi ma ya ji bambancin, daɗi ne ya hana shi tambaya. Daga gobe yadda muke ci a ciki haka zai fita.

Taki,
Indo

20 ga Rabi'us Sani

Yayata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Na ji an ce kin fara takawa har masallaci, alhamdu lillahi.

Makon farko kwanona rabi yake dawowa. Har aka kawo mini cewa Alhaji Mohaman ya yi raha, wai ko gishiri ya yi ƙaura daga gidanmu. Ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Na ci gaba dai.

Ana nan sai Jiddah, matar Malam Tahiru tela, ta shigo. Ta daɗe tana gaisuwa kafin ta tambayi yadda nake haɗa miyar, wai maigidanta kwanona kawai yake miƙa wa hannu. Ba ta ce yana da wani ciwo ba, ni ma ban ce ba. Na nuna mata: daddawa, albasa da yawa, tafarnuwa, citta, busasshen kifi, ganye kuma a ƙarshe don kada ya mutu. Bayan kwana huɗu kwanoni biyu ne irin wannan a wurin.

Ranar Juma'a Baban Najiba ya gaji da ɓoyo, ya fito da ƙwayoyinsa a gabansu ya sha. Malam Tahiru ya laluba aljihu ya fito da irinsu, Malam Mustafa ma haka. Uku cikin biyar, Yaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, mu matansu kuma muna ta gasar mai. Baban Najiba ya ce sun yi dariya har aka kira salla. Yanzu Alhaji Mohaman an ajiye masa ɗan gwangwanin gishiri a gefensa, yana barbaɗawa yana mita.

Jiya ya je awo shi kaɗai. Da ya dawo ina sallar La'asar. Da na sallame sai na ga takardar asibiti a gefen sallayata. Sha huɗu.

Ki gaida kowa da sunansa. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Indo